Wuƙa biyu, tukunya biyu

Damanar 2021 ba ta yi kyau ba a wurare da yawa cikin Nijar. Ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi bai ida nuna ba. Manoma ba su manta da ita ba, domin rumbu bai cika ba. Wani magidanci na wani ƙauye kusa da Matamai ya ɗaure hatsinsa, ya duba, ya ga bai kai abincin wata 4 ba. Yana da mata ɗaya, da ɗiya 5, ga kuma tsohuwa. Ya saida akuya guda, ya yi kuɗin mota. Shi da samari 2 na garinsu suka bi ta Daura, suka kwana Kano, suka yi kudu.

Ba su tsaya birni ba. An gaya musu akwai aikin citta a kudancin jihar Kaduna, wajen Kafanchan. Ƙasar ba irin ta Damagaram ba ce. Akwai duwatsu, akwai rafuka masu ruwa har cikin rani, ciyawa kuwa ta fi mutum tsawo. Ana noman citta da doya da acca da dawa. Aikin citta yana cin hannu ƙwarai. A tone ta, a kakkaɓe ƙasa, a tsaga kowace da wuƙa, a shanya, in ta bushe a ɗura a buhu. Lokacin tana da kuɗi, domin cutar da ta cinye gonakin citta sai a 2023 ta zo.

Mutanen wurin ƙabilu ne da yawa, Bajju da Atyap da Jaba da Kagoro da wasunsu. Kowa da harshensa, amma a kasuwa Hausa ake yi, cikin coci ma sau da yawa da Hausa ake waƙa. Yawancinsu Kirista ne. Mutumin Matamai ya shiga ƙasar da tsoro a zuciya. Ya ji labarin faɗan Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da wanda aka yi bayan zaɓen 2011. An kashe mutane ta kowane ɓangare. Wanda ya ji wannan, ba zai yi barci mai nauyi ba daren farko.

Wani dattijo mai gonar citta ya ɗauke su aiki. Ya ba su ɗaki a bakin gida. Ya nuna musu gabas tun ba su tambaya ba, ya sa aka kawo musu buta. Yaran gidan suka laƙaba wa baƙon suna Malam Buzu, alhali shi Bahaushe ne. Can duk wanda ya fito Nijar Buzu ne a bakin yara. Ya yi gyara sau biyu, ya gaji, ya bari.

Abu ɗaya ya dame shi. Bayan ɗakin akwai garken aladu. Dare ya yi, ya ji gurnani, iska kuma ta kawo masa wari. Bai taɓa ganin alade ido da ido ba sai nan. Kwana 3 yana cin tuwo da ƙyar.

Amma mai kiwo mai kiwo ne. Bayan mako biyu sai ga shi yana leƙa garken ta saman katanga. Uwa ɗaya ce da ƴaƴa 8. Ya ƙirga su, ya sake ƙirgawa. Dattijon ya ce masa cikin alade wata 3 ne da mako 3 da kwana 3. Baƙon ya yi shiru yana lissafi. Tunkiya wata 5 take yi, ta ba da ɗa guda, in an yi sa'a biyu. Sai ya gane abin da alade yake a wurin mutanen nan. Asusu ne. Shi ne kuɗin lakwal, shi ne kuɗin taki, shi ne kuɗin magani, kamar yadda akuya take ga mata a ƙauyensu. Dattijon ya ce da garken cike yake. Masassarar aladu ta shiga, cikin ƴan kwanaki ta share shi, uwar nan kaɗai ta tsira don an kai ta aro wani gari. Cutar ta ɓarke a Nijeriya a 1997. Ba ta da magani, ba ta kama mutum, amma inda ta sauka ba ta barin komi. Baƙon ya yi masa jaje irin na makiyaya, domin ya san zafin garke da ya wayi gari wayam.

Cikin watan Nuwamba zazzaɓi ya kayar da shi. Kwana 6 bai fita gona ba. Uwargidan, wadda kowa ke kira Mama, ita ta riƙa dama masa kunun tsamiya safe da yamma. Ɗiyar gidan ma'aikaciyar jinya ce a Kafanchan, ta zo ta duba jininsa, ta ba shi magani. Dattijon yana rubuta kuɗin aikinsu cikin wani littafi. Da baƙon ya warke aka karanta masa, ya ga ba a cire masa ko sisi na magani ba. Ya riƙe wannan a ransa.

Kirsimeti ta matso. Ranar Alhamis 23 ga Disamba dattijon ya ce masa: «Malam, shirya ka raka ni kasuwa. Kai ka san dabba.»

Baƙon ya ce: «Baba, ban san wannan dabbar ba.»

Dattijon ya yi dariya, ya ce: «Ba ita ba. Taure nake so.»

Kasuwar Katsit, kusa da Kafanchan, kowace Alhamis take ci, kuma tana cikin manyan kasuwannin aladu na ƙasar. Kukan aladu yana kai wa kunne tun daga nesa. Fatake suna zuwa daga kudancin Nijeriya da manyan motoci, su yi lodi su juya. Baƙon ya tsaya gefe, hannunsa bisa hanci, amma idonsa buɗe. Ya ga wani abu da bai gane ba. Kafin a yi ciniki sai ƙarti su kada aladen, su gitta masa sanda a baki, mai saye ya jawo harshen da tsumma, ya shafa ƙarƙashinsa da yatsa. Wani a ce to, wani a girgiza kai a wuce.

Gidaje 3 na dangi suka haɗa kuɗi don biki, domin ƴaƴan uwar nan ba su isa yanka ba. Ɗan dattijon, wanda ya zo daga Abuja, ya ga wani ƙaton alade mai araha. Ya ce a saye, nama zai wadata. Dattijon ya sa aka kada shi. Ya shafa harshen, ya kama yatsan ɗansa ya ɗora a wurin. Akwai ƙulle-ƙulle ƙanana ƙarƙashin fata. Ya ce: «Ko kyauta ba na so.» Saurayin ya ɓata rai, ya ce ai wuta tana cinye komi. Uban bai amsa ba. Suka sayi wani ƙarami, mai tsada, wanda aka yi kiwonsa a ɗaure.

Daga nan suka tafi wajen awaki. Nan fa baƙon ya samu bakin magana. Ya buɗe haƙora, ya duba ido, ya matsa gadon baya da gindin wutsiya. Ya ƙi 4, ya zaɓi na biyar, wani jan taure mai sheƙi. Ya yi ciniki har mai akuyar ya ce: «Kai, ɗan Nijar, ka bar ni in kai wani abu gida.» Kan hanyar komawa dattijon ya tsaya wurin ƴan koli, ya sayi wuƙa. Mama kuwa ta riga ta aiko a sayo mata tukunya.

Ranar Juma'a samarin nan 2 suka ɗaure kayansu. Suka ce za su sauka masallaci a Kafanchan, ba za su dawo ba sai an watse biki. Suka ce masa: «Yaya, tashi mu tafi. Gobe alade za a yanka. Hayaƙinsa ma ba mu son shaƙa.»

Ya ce: «Baba ya ce in tsaya.»

Suka ce: «In labari ya kai gida fa? Me za ka gaya wa mutane?»

Samarin ba su yi laifi ba. Alkur'ani ya hana naman alade a wuri 4, cikin Baƙara da Ma'ida da An'am da Nahli, babu musulmin da ke jayayya a kan wannan. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya yi nisa ya fi masa. Shi ma baƙon ya je Juma'a tare da su. Amma da aka sallame ya hau babur ya koma. Daren nan bai runtsa ba. Yana tuna kunun Mama, yana tuna fadar garinsu. Mutumin da ya yi jinyarka ya ce ka tsaya ranar farin cikinsa, da wane baki za ka ce a'a? To in an miƙo maka abin da ba ka ci fa, gaban jama'a?

Asuba ta yi da ɗari da hazo. Ya idar da salla ke nan, sai ya ji sallama. Dattijon ne, da fitila a hannu. Ya miƙa masa wuƙa, tana naɗe cikin takardar da aka sayo ta. Bayansa ga yaro ɗauke da tukunya, tambarin kanti bai ko fita daga jikinta ba.

Ya ce: «Malam, ka yanka mana tauren nan. Naku ne, kai da sauran baƙina. Wuƙar nan ba ta taɓa komi ba. Ka fara, mu sai ka gama.»

Ashe tauren da ya zaɓa da hannunsa, shi aka saya wa. Baƙon ya rasa abin faɗi. Ya ja tauren zuwa gindin wata ɗorawa, gabas da gida. Dattijon ne ya zaɓi wurin, domin iskar hunturu daga can take busowa, hayaƙin wancan murhu ba zai zo nan ba. Ya fuskantar da shi alƙibla, ya ambaci sunan Allah, ya yanka. Ya feɗe shi kafin rana ta fito.

Sa'an nan aka kama alade, can yamma da gida, gindin mangwaro. Kukansa ba irin na rago ba ne. Rago shiru yake yi, alade kuwa yana tsala ihu kamar mutum. Baƙon ya toshe kunne. Ƙarti 4 suka danne shi, wani gwani ya soke shi a wuya, cikin ɗan lokaci aka gama. Da shiru ya sauka, sai baƙon ya matsa bakin zana, nesa kaɗan, yana kallo. Son sani ya fi ƙarfin ƙyama.

Ba a feɗe alade kamar rago. Fatarsa ana ci. Suka ɗora shi bisa itace biyu, suka lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa, suka sa wuta. Wutar ta tashi fuu, ta mutu. Suka juya shi, suka ƙara ciyawa. Babbaka ce, irin wadda ake yi wa kai da ƙafa a gida, sai dai nan dabbar duka ake yi wa. Ya yi baƙi ƙirin. Samari suka bi shi da wuƙaƙe suna kankarewa, wani yana zuba ruwa, har fatar ta fito fes, ja-ja. Suka shimfiɗa ganyen ayaba, suka kwantar da shi, kada nama ya taɓa ƙasa.

Gwanin ya tsaga cikin a hankali, yatsa biyu gaba, wuƙa baya, don kada ya huda hanji ko matsarmama. Wannan kam duk mahauci ya sani, ko na wace dabba ne. Aka zuba kayan ciki a daro, mata suka yi rafi da su. Kafin a sare nama, dattijon ya zo ya tsuguna. Ya tsaga harshe, ya tsaga zuciya, ya yanki tsokar kumatu da ta kafaɗa, ya ɗaga su wajen haske. Bai ga komi ba. Ya ce: «A ci gaba.»

Abin da ya ba baƙon mamaki shi ne yawan naman. Rago in an feɗe, an fidda kai da ƙafa da ciki, abin da ya rage ba ya wuce rabin nauyinsa. Alade kuwa wajen kashi 3 cikin 4 ne ke shiga tukunya. Ga kitse fari, kaurin yatsa biyu, kwance ƙarƙashin fata.

Aka raba naman gida 3. Ƙashi da kai da kayan ciki suka shiga babbar tukunya don farfesu. Mama ta daka ɗanyar citta ta gonarsu, da barkono, da tafarnuwa, da masoro, ta zuba da albasa da daddawa. Tsoka mai kitse aka yanka gunduwa-gunduwa, aka sa a wata tukunya da gishiri da albasa da ruwa kaɗan. Ba a zuba mai ba ko cokali. Ruwan ya tafasa ya ƙone, kitsen ya narke, sai naman ya koma soyuwa cikin mansa. Wata tsohuwa ta tsaya a kai da muciya, tana juyawa, tana kwashe man da ya yi yawa cikin kwano don miyar wata rana. Haƙarƙari da cinya kuwa na gashi ne. Aka kawo rabin tano, wanda can suke ce wa duro, aka cika shi da garwashi, aka ɗora ragar ƙarfe.

Ƙarfe 9 aka buga ƙararrawa. Mutane suka yi ado suka tafi coci. Daga nesa ana jin matan zumunta suna waƙa da Hausa, suna buga tulu. Aka bar wuta hannun samari da ƴan tsofaffi. Baƙon ya koma ga tasa. Ya sa rabin tauren a sabuwar tukunya. Rabin kuma ya yi masa irin na layya a Nijar: ya gitta sanduna biyu, ya miƙe naman a kai, ya kafa gefen wuta, ba bisanta ba. Yara suka kewaye shi, ba su taɓa ganin haka ba. Suka ce: «Malam Buzu, ai wutar ba ta taɓa shi.» Ya ce su yi haƙuri, zafi ne ke gasa nama, harshen wuta ƙonawa yake yi.

Samarin gindin mangwaro ba su da wannan haƙuri. Kitsen alade yana ɗiga bisa garwashi, wuta ta tashi, ta lashe naman. Kafin a taso daga coci waje ya yi baƙi, suka ce ya gasu, suka barbaɗa yaji, suka jera a tire. Dattijon ya dawo da babbar rigarsa. Bai zauna ba. Ya ɗauki gunduwar cinya, ya tsaga har ƙashi. Ciki ja wur, da ruwan jini. Ya ce a mayar duka. Ya sa aka janye garwashin gefe guda, aka rage kaurin yankan, aka yayyafa ruwa inda wuta ke tashi. Ɗansa ya ce baƙi suna jira. Ya ce: «Su jira. Yunwar awa ɗaya ba ta kai kowa likita.»

Ɗiyar gidan ta zo gindin ɗorawa gaida baƙon. Ya tambaye ta abin da Baba ke nema cikin nama tun ranar kasuwa. Ta ce tsila. Ƙulle-ƙullen nan farare, kamar ƙwayar shinkafa, ƴaƴan tsila ne. In mutum ya ci naman bai dahu ba, cikin wata 2 ko 3 tsila ta girma a hanjinsa, ta kai mita 2 ko fiye. Ƙwanta yana fita cikin bayan gida. Aladen da ke yawo ya ci, ta koma cikin namansa. Haka take zagayawa. Duba harshe yana taimako, amma ba ya kama duka, shi ya sa dahuwa ce abin dogara.

Baƙon ya ce: «To, Malama, alhamdu lillahi. Mu wannan ba ta shafe mu ba.»

Ta ce: «Malam, kada ka yi saurin faɗi.»

Ta ce mugun ciwon ba daga naman yake zuwa ba, daga ƙwan ne. Mai tsila ya yi bayan gida a daji, ko bai wanke hannu da sabulu ba ya taɓa abinci, ko ruwa ya kwashi ƙazanta ya kai rijiya. Duk wanda ya haɗiyi ƙwan, ko bai taɓa ganin alade ba, ƴaƴan tsilar suna iya shiga jikinsa, har ƙwaƙwalwa. Daga nan sai ciwon kai, sai farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da cutar ta yi yawa, cikin masu farfaɗiya 10, wajen 3 daga nan ne. Ta ce akwai wani yaro a danginsu da yake faɗuwa, an yi ta cewa iska ce. Tun daga lokacin Baba ya ɗaure aladunsa, ya gina masai, ya zama mai tsaga nama.

Ta ƙara da cewa shanu ma suna da tasu tsilar. Ita ba ta hawa ƙwaƙwalwa, amma tana fin ta alade tsawo, tana kai mita 10. Hanyarta ɗaya ce: bayan gida a makiyaya, saniya ta ci da ciyawa, mutum ya ci tsire bai gasu ba. Shi ya sa likitan bisashe yake tsaga kumatu da zuciyar sa a mahauta kafin ya buga hatimi. Masu yanka a ɓoye bayan gari, wannan dubawar suke gudu. Baƙon ya tuna wani abu fari, mai motsi, da ya taɓa gani a wandon ɗansa. Bai faɗa mata ba. Ya tashi ya ƙara juya naman tauren, ya matsar da shi kusa da wuta.

Da azahar fili ya cika. An shimfiɗa tabarmi, an fito da bencina daga coci. Ga shinkafa daro-daro, ga tuwon acca, ga kunu. Gidan nan ba a sha giya, cocinsu ya hana, amma wasu maƙwabta sun zo da ƙanshin burkutu a baki. Aka yi addu'a, aka fara rabo. Dattawa aka ba farfesu tukuna, sa'an nan mata, sa'an nan yara, kowa da gunduwarsa. Gashin na biyu ya yi kyau, an ce. Fatar tana ƙaras-ƙaras, ciki fari har ƙashi.

Gindin ɗorawa ma ba shi kaɗai ba ne. Wani Bahaushe mai sayen citta ya zo. Wani dattijon Bafillace da ke rugga bayan dutse ya zo da ƴaƴansa 2, matarsa ta kawo wa Mama ƙwaryar nono. Bai zauna ba sai da ya tambayi wanda ya yi yanka. Aka nuna masa baƙon, ya zauna. Tirensu daban, kofinsu daban, ruwan wanke hannu daban. Kiristoci da yawa suka ƙetaro neman gashin Nijar, har sai da Mama ta kore su, ta ce su bar wa masu shi.

Ana cikin haka sai ga wata ƴar jikar gidan, ba ta fi shekara 4 ba, ƴar Abuja. Tun safe take manne da Malam Buzu. Ta taho da gudu daga gindin mangwaro, hannunta sharkaf da mai. Ta tsaya gabansa, ta buɗe tafi. Tsoka ce, ta gashin can. Ta ce: «Kawu, ungo. Na rage maka.»

Wurin ya yi tsit. Bafillacen ya janye ƙafarsa. Uwar yarinyar ta taso da sauri, ta ɗaga hannu za ta mare ta. Dattijon ya miƙe tsaye, fuskarsa ta canza. Abin da ya kwana yana gudu, ga shi yarinya ta kawo.

Baƙon ya ce wa uwar: «A'a, bar ta.» Ya riƙe yarinyar a damtse, ya ce: «Na gani, na gode, ƴata. Ni ba na cin wannan. Ci min.» Ta dube shi, ta dubi naman, ta jefa a baki. Ta ce: «Don me?» Ya ce: «Kowa da abin da aka hana shi. Kakanki ma ba ya shan burkutu.» Wani daga cikin masu ƙanshin bakin nan ya ce: «Shi ya sa ya rame!» Aka fashe da dariya. Dattijon ya koma ya zauna. Mama ta ja yarinyar, ta wanke mata hannu da sabulu, ta dawo da ita. Baƙon ya yanko mata haƙarƙarin taure.

Ya yi wata 2 a gidan bayan haka. Ranar tafiya dattijon ya buɗe littafi, ya biya shi cif. Ya ƙara masa tiyar busasshiyar citta. Ya kawo wuƙar nan, ya ce: «Tun ranar ba wanda ya taɓa ta. Tafi da ita.»

Samarin sun riga shi isa gida, labari kuma ya riga shi shiga fada. Wasu suka ce ya ci. Wasu suka ce bai ci ba, amma ya riƙe ƙafa. Matarsa ta sha habaici bakin rijiya. Shi bai bi kowa da rantsuwa ba. Ya kai ɗansa likita, aka ba shi maganin tsila. Ya haƙa masai bayan gida kafin ruwa ya sauka, aka ce ga wani sabon salo na ƴan kudu.

Babbar Salla ta zo cikin watan Yuli na 2022. Mutum 7 suka haɗa kuɗi suka sayi ɗan bijimi, yana cikinsu. Liman ya zo yanka, aka ga wuƙar gidan ta dakushe. Ya shiga ɗaki ya fito da tasa. Wani maƙwabci ya ce: «Malam, a yi hankali. Wuƙar gidan masu alade ce.»

Liman ya juya ta a hannu. Ya ce: «Ta taɓa shi?»

Ya ce: «Ba ta taɓa ba. Sabuwa aka ba ni, taure ɗaya ta yanka, ni na yanka shi.»

Liman ya gwada kaifin bisa farce, ya ce a riƙe masa kan. Da aka feɗe, mutumin ya ce a dakata da rabo. Ya tsuguna, ya tsaga kumatu, ya tsaga zuciya, ya ɗaga wajen haske.